Tatsuniyoyin ban dariya na yara a Illela

Tatsuniyoyin ban dariya na yara gajerun labarai ne na baka da ake shiryawa a kan abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar gizo mai mata da gona, ko kura mai zuwa cin kasuwa, ko yarinyar da aka ƙera da kitsen saniya, domin a sa yara dariya da mamaki. A Illela ta Jihar Sakkwato, kamar sauran garuruwan yammacin ƙasar Hausa, ana kiran tatsuniya da sunan gatana. Kalmar ta samo asali ne daga mabuɗin da ake fara labarin da shi, wato "ga ta nan". Yawancin labaran ba na Illela kaɗai ba ne, domin ana jin irinsu daga Kano har Maradi. Abin da ya bambanta su shi ne karin harshen da ake ba da su da shi, da kuma zaman garin a bakin iyaka.

Wurin

Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Sakkwato, tana maƙwabtaka da Gada da Gwadabawa, kuma daga arewa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutane 150,489. 'Yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninta da Birnin Ƙonni na jihar Tawa, kuma mutanen garuruwan biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. An san Illela da babbar kasuwar dabbobi. Akwai wani gari mai suna Illela a cikin Nijar, shi ma a jihar Tawa, kuma sau da yawa akan rikita su.

Wannan cuɗanya tana da tasiri a kan tatsuniya, saboda mata ne suka fi riƙe ta. Matar da aka auro daga ƙauyen Ƙonni ko Adar takan zo da labaran da ta ji wurin kakarta, ta ba 'ya'yanta a Illela, ba tare da wani ya lura labarin ya ƙetare iyakar ƙasa ba.

Yadda ake bayarwa

Lokacin tatsuniya dare ne, bayan an ci tuwo, a tsakar gida ko ɗakin wata tsohuwa ko amarya. Mai bayarwa takan ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta." Idan ta kai ƙarshe sai ta rufe da "Ƙurunƙus kan kusu," wani lokaci ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wannan rufewa tana da aiki babba: ita ce ke shaida wa yaro cewa duk abin da ya ji ƙage ne, kuma alhakin ƙaryar yana wuyan Gizo. Shi ya sa babu wanda ke tambayar yadda aka yi kura ta iya magana.

Akwai camfin da ke hana yin tatsuniya da rana, ana ce wa yaro zai ɓata a kasuwa idan ya yi. Masu nazari sukan fassara shi da dabarar hana yara barin aike da aikin gida su zauna hira. Kafin a shiga dogon labari akan fara da kacici-kacici, kamar "Baba na ɗaka, gemu na waje," wanda amsarsa wuta da hayaƙi ce. Wanda ya kasa amsa sai ya ba mai tambaya gari, shi kuma ya karɓa ko ya ƙi idan garin bai yi masa ba.

Taurari

Gizo ne uban tafiyar. Ƙarami ne, malalaci, mai haɗama, kuma ba ya jin kunya. Matarsa Ƙoƙi ita ce ke shan wahalar dabarunsa. A ɗaya daga cikin labaran da suka fi yaɗuwa, hankaki suna cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa, Gizo ya roƙe su har kowanne ya ba shi gashi ɗaya ya haɗa fukafuki. Da suka isa sai ya riƙa cewa duk ɓauren da wani ya nufa shi ya riga gani, har suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan reshe. A wani labarin kuma ya ci bashi wurin giwa da dorina, sa'annan ya miƙa wa kowacce bakin igiya ɗaya, ya ce ta ja abin da zai biya ta da shi, suka wuni suna jan juna ba su sani ba.

Abin lura a nan shi ne Gizo ba ya yawan samun hukuncin da ya dace da laifinsa. Sau da yawa yakan tsere ya haye rufin ɗaki ko ya shige bango, abin da ake cewa shi ne dalilin da ya sa har yau gizo-gizo ke zama a lungu. Littattafan makaranta sukan matsa sai sun ciro darasi daga kowane labarinsa, amma a wurin yaron da ke saurare, daɗin yana ga ganin ƙaramin abu ya wulaƙanta manya ya kuma sha. Sunan Gizo ya fita daga tatsuniya ya shiga harshen yau da kullum: akwai bakan gizo, akwai kuma yanar gizo da ake kiran intanet da ita.

Kura ita ce abokiyar burminsa, mai ƙarfi da kwaɗayi da tsoro, wadda kullum ita ake yi wa wayo. Dila malamin daji ne, zomo da kurege masu dabara, zaki sarki. Dodo kuwa yana tsakanin ban tsoro da ban dariya: yana haɗiye mutane da shanu, amma yaro ƙarami yana iya ruɗarsa.

Labarin da ya fi kowane fita daga hankali wataƙila shi ne na Ɗan Auta. Iyaye za su mutu, suka yi wa yayarsa wasiyya kada ta bar shi ya yi kuka. Da wannan makami sai Auta ya ƙone rumbun hatsinsu, ya tsokane idon ɗan sarki, kuma da tsuntsu ya ɗauke su ya cece su daga masu binsu, sai ya nemi tsokanar tsuntsun suna cikin sama. Duk lokacin da yayar ta hana shi sai ya ɓare baki, ita kuma ta tuna wasiyya ta ƙyale shi. A ƙarshe wannan fitinannen yaro shi ne ke kashe Dodon da ya addabi gari, a ba shi lada. Labarin Ta-kitse shi ma haka yake: yarinya ce da aka yi da kitse, sarki ya aure ta bisa sharaɗin kada ta kusanci wuta ko rana, kishiyoyi suka tilasta mata aiki a bakin murhu, ta narke.

Inda dariyar take

Rabin dariyar tatsuniya a murya take. Gizo yana da tsamin baki, mai bayarwa takan mayar masa da "s" zuwa "sh", "r" kuma zuwa "y", kamar yadda ƙaramin yaro ke furtawa, har "ruwa" ya koma "yuwa". Kura tana magana da ƙatuwar murya, Dodo da gurnani. Ana kuma amfani da kalmomin kwaikwayon sauti da yanayi sosai, irin su tim, fau, tsulum da sumumu, waɗanda ke sa yaro ya ga faɗuwar ko saɗaɗawar da idonsa. Yawancin labaran suna da 'yar waƙa da ake maimaitawa, yara suna amshi.

A Illela ana yin duk wannan da Hausar yamma, wadda ta haɗa Sakkwatanci da Gobiranci da Adaranci. Inda Daidaitacciyar Hausa ke cewa "suka tafi", mai gatana a nan za ta ce "sunka tahi". "Ya ce" na cikin labari yakan zama "yac ce", "ta ce" ya zama "tac ce", "me" ya zama "mi", "shi ne" ya zama "shi na", "faɗa" kuma "hwaɗa". Tun da labari jerin ayyuka ne da suka faru ɗaya bayan ɗaya, waɗannan siffofi na "munka, kunka, sunka, anka" da ninka baƙi suna fitowa kusan a kowace jimla, su ba gatana wani kari da ba a samu idan an juya ta zuwa Hausar littafi.

Barkwanci da gasar ƙarya

Ban da labaran dabbobi, akwai gajerun labaran barkwanci da ake ɗora wa wata ƙabila ko masu wata sana'a, kamar baƙauyen da ya shigo birni karo na farko. Tushensu wasan taubasantaka ne, irin wanda ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ko Fulani da Barebari, inda kowane ɓangare ke da 'yancin tsokanar ɗayan ba tare da an yi fushi ba. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta wasan dangi ta ƙasar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Idan aka ciro irin wannan labari daga tsakanin abokan wasa aka buga shi a littafi, yakan iya komawa cin fuska, kuma wannan matsala ce da masu shirya littattafan yara ke fuskanta.

Akwai kuma labaran gwanaye, inda mutum uku ko huɗu kowanne zai yi abin da ba zai yiwu ba, a ƙarshe a tambayi yara wa ya fi gwaninta. Irin wannan ba shi da amsa, gardamar da ke biyo baya ita ce wasan.

Shiga rubutu

Tatsuniyoyin Hausa sun fara shiga littafin boko ne a ƙarni na 19, lokacin da J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, da labaran da ya samu mafi yawa daga bakin Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila. Tarin da ya fi shafar ƙasar Sakkwato shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku da aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Da yawa daga cikin abin da ke ciki malamai ne suka rubuta da ajami, Manjo John Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara ya miƙa wa Edgar. Saboda haka Hausar yamma tana fitowa a wurare da dama na littafin. Neil Skinner ya fassara shi zuwa Ingilishi da sunan Hausa Tales and Traditions, juzu'in farko ya fito a 1969. A 1913 ɗin dai R. S. Rattray ya buga Hausa Folk-Lore, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Waɗannan littattafai an yi su ne domin Turawa masu koyon Hausa, kuma da yake maza malamai ne suka rubuta, muryar tsofaffin mata da waƙoƙinsu ba su fito sosai ba.

Rubutun da ya isa hannun yara shi ne na Abubakar Imam. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, cike yake da ƙarairayi da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Magana Jari Ce, juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, ya sa aku yana ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, kuma Imam ya ɗauko wasu daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm ya sa musu rigar Hausa. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai shida domin 'yan firamare, a farkon shekarun 1970, sa'annan Bukar Usman ya tara wasu a Taskar Tatsuniyoyi.

Dangantaka da wasu ƙasashe

Gizo yana da ɗan'uwa a wurin Akan na Ghana, wato Ananse, wanda shi ma gizo-gizo ne mai wayo, kuma bayi suka tafi da labaransa har Jamaika. Labarin mutum-mutumin danƙo da manomi ya kafa a gona, ɓarawo ya mare shi hannu ya manne, ya shure shi ƙafa ta manne, ana ba da shi a kan Gizo a ƙasar Hausa, kuma shi ne ya bayyana a kudancin Amurka a kan zomo, cikin labaran da Joel Chandler Harris ya buga. Masu rarraba tatsuniyoyin duniya sun ba wannan nau'i lamba 175.

Halin da ake ciki

Zaman gatana na dare ya ragu a Illela kamar sauran wurare, tun zuwan rediyo da talabijin da finafinan Hausa, sa'annan wayar hannu. Yaron da ke makarantar boko a ɓangaren Najeriya yakan haɗu da Gizo a littafin darasin Hausa, amma da Daidaitacciyar Hausa wadda aka gina a kan karin Kano, inda "sunka tahi" kuskure ne da malami zai ja wa layi da jan biro. Ɗan'uwansa na Ƙonni kuwa yawancin karatunsa da Faransanci ne, kuma idan ya sami littafin Hausa na Nijar zai ga ƙa'idar rubutun ta ɗan bambanta, misali ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Ɗaliban Sashen Harsunan Najeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sukan tattara tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi domin kundin kammala karatu, sai dai irin waɗannan kundaye a ɗakin karatu suke zama, ba kasafai ake mayar da su littafin da yaro zai karanta ba.