Kadan da ke ƙirjin rigarka

Duk wanda ya taɓa juya tarin gwanjo a kasuwa ya ga rigar nan mai kwala da ɗan kada kore a ƙirji. Kaɗan ne suka san cewa kadan nan laƙabin wani mutum ne, Bafaranshe, ɗan wasan tanis mai suna Rene Lacoste, wanda aka haifa a Paris a 1904.

A zamaninsa ba a ba wanda ya ci gasa ko sisin kwabo. Dokar manyan gasanni ita ce wasa don sha'awa: ka ɗauki kofi, a tafa maka, ka koma gida. Wanda ya karɓi kuɗi kuwa an rufe masa ƙofar manyan gasanni irin su Wimbledon. Saboda haka wasan ya zama na 'ya'yan masu hali, kuma Lacoste ɗaya ne daga cikinsu, domin mahaifinsa babba ne a harkar ƙera motoci. Sai a 1968 aka soke wannan doka.

Ba shi da baiwar abokansa Henri Cochet da Jean Borotra, ya kuma san da haka. Abin da yake da shi naci ne. Yana da littafin da yake rubuta lagon kowane abokin karawa: wannan ba ya son ƙwallo ta hagu, wancan yana gajiya da wuri. Sai ya tsaya can bayan fili yana ta maido da ƙwallo har mutum ya ƙosa ya yi kuskure da kansa. An ce sunan kada ya samo asali ne daga wata jakar fatar kada da kyaftin ɗin tawagar Faransa ya yi masa alkawari in ya ci wani wasa a Amurka. Bai ci ba, jaka ta wuce shi, suna ya zauna. Ni dai a ganina salon wasan ne ya riƙe sunan, don kada in ya kama ba ya saki.

Manyan kofuna bakwai ya ci: na Faransa a 1925, 1927 da 1929, Wimbledon a 1925 da 1928, na Amurka a 1926 da 1927. A 1927 ɗin ne shi da abokansa suka je Philadelphia suka ƙwace Kofin Davis, inda ya doke gwarzon Amurka Bill Tilden. Filin Roland Garros ma an gina shi ne a 1928 don Faransa ta kare wannan kofi a gida.

Ciwon ƙirji ya raba shi da gasa yana ɗan shekara 25 kacal. A 1933 ya haɗa gwiwa da Andre Gillier suka fara ɗinka rigar mai gajeren hannu da yake sawa a fili, lokacin da sauran 'yan wasa ke fama da zufa cikin dogon hannu. Kuɗin da tanis ya hana shi, riga ta kawo masa. Ya rasu a 1996 yana da shekara 92.