Yadda na'urar faifan CD ke aiki

Faifan CD roba ce mai faɗin santimita 12 da aka lulluɓe da siririn ƙarfe mai sheƙi. Kamfanonin Philips da Sony ne suka ƙirƙiro shi, na'urar kunna shi kuma ta shiga kasuwa a Japan a 1982.

Ana adana sauti a jikinsa cikin ƙananan ramuka da ido ba ya gani, jere a layi ɗaya da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki. Idan aka saka faifai, ƙaramin inji ne ke juya shi, sai idon na'urar ya harba hasken leza. Yadda hasken ke dawowa daga rami daban yake da na fili. Wannan bambanci ne na'urar ke mayarwa lambobi, lambobin kuma su koma sauti a lasifika. Tunda babu allurar da ke gogar sa, yawan kunnawa ba ya cinye faifai. Yana ɗaukar sautin kusan minti 80.

A Kano, irin wannan faifai mai ɗauke da bidiyo, wato VCD, shi ne ya maye gurbin kaset a harkar finafinan Hausa. Daga ofisoshin Titin Gidan Zoo da shagunan Ƙofar Wambai yake bazuwa zuwa gidajen Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni da Darmanawa, kafin tura fim a waya ya kashe masa kasuwa.

Ƙurar hunturu da karcewa ne ke sa faifai ya riƙa tsalle ko ya maƙale. Shi ya sa ake riƙe shi ta baki, a goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa waje, a kuma kare shi daga zafin rana.