Uwargida, Kin San Inda Sokawen Gidanki Ya Tsaya?

Duk wadda ta zauna a Karaye ko Rogo ta san yadda bayan gida yake komawa da zarar ruwan Yuli da Agusta ya zauna. Ciyawa ta kai gwiwa, tafasa ta rufe ko'ina, sai maigida ya ce a kira mai tarakta ya bi filin ya huɗe, a samu a zuba masara ko wake. A nan ne nake so mu tsaya mu yi magana, domin a ƙarƙashin wannan ciyawar akwai ramin da direban bai san da shi ba.

Bara a unguwarmu haka ta faru. Tarakta ta shigo fili a bayan gidan maƙwabciyata, direban ya ja da baya zai juya, sai tayar baya ta hau murfin sokawe. Kankaren ya rufta nan take. Allah Ya kiyaye, yaran da ke bin motar suna kallo suna ɗaya ɓangaren. Da na je yi mata jaje, cewa ta yi: "Malama, wallahi na san ramin yana wurin, ban dai yi zaton zai bi ta nan ba." Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro.

Murfin sokawe da na masai, magina kan zuba shi ne da kaurin da zai ɗauki mutum. Tarakta matsakaiciya tana kai tan 2 zuwa 4, tifa mai ɗauke da yashi kuma ta wuce tan 10. Ga shi tururin da ke tashi daga ramin yana cin kankare ta ciki, rodi ya yi tsatsa, alhali daga sama sai ki gan shi garau. Da damina ƙasar gefen rami takan sha ruwa ta yi laushi, don haka ko taya ba ta hau murfin ba, nauyinta a kusa ya isa ya tura bulon ciki ya zube. Bututun roba da ya taso daga banɗaki shi ma ba shi da zurfi, taka shi sau ɗaya yana iya fasa shi.

Wani abin lura kuma, ciyawar da ke kan sokawe ta fi ta ko'ina kore da tsawo, saboda danshi da taki. Wato wurin da ya fi haɗari shi ne ya fi ɓoyuwa.

Idan rami ya fashe, asarar ba ta tsaya ga kuɗin siminti ba. Ruwan sama zai kwashi ƙazanta ya kai rijiya. Masana tsaftar muhalli suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, gidajenmu da yawa kuwa ba su da wannan filin. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

To mene ne namu a ciki? Mu ne muke wuni a gida, mu muka san inda komai yake. Ga abin da za ki yi:

Tun kafin ruwa ya sauka, ki sa yara maza su kafa turaku huɗu ko su jera manyan duwatsu ko tsofaffin tayoyi kewaye da ramin, a bar kamar taku biyar daga bakinsa. A yi wa hanyar bututun alama ita ma.

Ciyawar da ke cikin wannan da'irar da hannu za a yanke ta, da lauje ko adda. Tarakta, tifa, amalanke da injin casar masara duk su tsaya daga waje. Kada a ɗaure sa a kai, kada a jibge buhunan hatsi ko bulo.

Ranar da za a yi aikin, ki tuna wa maigida cikin ladabi: "Malam, don Allah a zagaya da direba a ƙafa ya ga ramin kafin ya tayar da mota." Minti biyu ne. Yara kuma su shige cikin gida har a gama.

Kada a cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a kan murfin, domin iskar da ke taruwa a ciki tana kamawa. Kada a dasa darbejiya ko mangwaro kusa, saiwarsu tana bin danshi ta tsaga bango.

Idan kin ga tsaga, ko ƙasa ta lotsa, ko rodi ya bayyana, a kira magini kafin wani ruwan.

In kuwa tsautsayi ya auku, wani ya faɗa, Allah Ya tsare, kada kowa ya dira don ceto. A ƙasan ramin akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ma ba ya jinta, tana sumar da ƙato cikin ɗan lokaci. Sau da yawa mai ceton ne yake zama gawa ta biyu. A yi kururuwa, a jefa igiya ko tsani daga sama, a nemi 'yan kwana-kwana.

'Yar uwa, addininmu ya koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, balle a cikin gidan da 'ya'yanmu ke wasa. Yau da la'asar ki zagaya bayan gida ki duba. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.