Shaye-shaye: Gado Ne Ko Unguwa Ce?

Idan yaro ya faɗa shaye-shaye, mutanen unguwa kan rabu biyu. Wasu su ce a jininsa yake, ai kawunsa ma haka ya ƙare, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wasu su ce abokai ne suka ɓata shi.

Masu bincike sun auna maganar da tagwaye. Sun kwatanta masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne, da tagwayen da ba su kama da juna. Abin da aka yi ta samu shi ne gado na ɗaukar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na bambancin haɗarin kamuwa tsakanin mutane. Ba ɗan ƙaramin kaso ba ne.

Kodin ya isa misali. Ba ya bugarwa sosai sai hanta ta mayar da shi mofin, da wani sinadari mai suna CYP2D6, kuma tiramol ma ta wannan hanyar yake bi. Hantar wani na aikin a hankali, ta wani kuwa da gaggawa. A Habasha kusan mutum 3 cikin 10 masu gaggawar ne. Shi ya sa samari biyu za su raba kwalba ɗaya, ɗaya ya yi mankas, ɗayan ko gezau. A Sin da Japan da Koriya kuwa, mutane da yawa sun gaji wani canji da ke sa fuskarsu ta yi ja, zuciya ta yi ta bugawa da sun kurɓi giya, kuma hakan na kare su daga zama mashaya.

To amma a dubi sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam. A 1971 kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hiroyin, don tana da arha, ga tsoro, ga kewar gida. Mai bincike Lee Robins ta bi su bayan sun dawo, ta tarar kusan kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka kamu ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko. Ba wanda aka canza wa jini a cikin jirgi.

Mu ma haka ne. Binciken 2018 da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun sha miyagun ƙwayoyi a shekara guda. Jinin kakanninmu ne a jikinsu. Abin da ya sauya shi ne kemis a kowane lungu da zaman kashe wando. Sai a watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Gidan da aka san da wannan tarihi ya fi kowa buƙatar sa ido a shekarun balaga, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa. Wanda ya riga ya kamu kuma, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, kada a kai shi gidan mari.