Atamfar Holan da takardar ɗan asali

Duk matar da aka yi wa lefe a Gashuwa ko Nguru ta san darajar atamfar Holan. Ita ake ɗorawa a saman akwati, ita dangin amarya ke fara ɗagawa su murza da yatsa. Mun ɗauke ta tamu. Amma asalin zanen daga tsibirin Jaba na Indunisiya yake. Mutanen Holan suka kwaikwaye shi da inji a ƙarni na 19, bai karɓu a can ba, sai suka juyo da shi kasuwannin Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond tun 1846 yake, har yau yana bugawa.

Da wannan tarihin Yinka Shonibare ke aiki. An haife shi a Landan a 1962, ya tashi a Legas. A 2014 ya jera littattafai 6,328 a kantoci, kowanne an naɗe shi da atamfa. A bayan da yawa daga ciki aka rubuta da ruwan zinari sunayen waɗanda suka yi ƙaura zuwa Birtaniya, ko 'ya'yansu, suka yi wa ƙasar hidima. Sannan ya cusa sunayen 'yan siyasar da suka yi ƙaurin suna wajen ƙin baƙi, su ma cikin atamfa. Gidan adana kayan fasaha na Tate ya sayi aikin a 2019. Tambayar a fili take: idan an kwashe waɗannan sunaye, wa ya rage da za a kira Baturen Ingila?

Irin wannan ake kira fasahar zamani. Mai yin ta ba dole sai ya zana hoto ba. Yana iya ɗauko buhu ko ƙwarya ya ajiye inda ba a saba ganinsu ba, don mai wucewa ya tsaya ya yi tunani. Wasu ayyukan, gaskiya, surutunsu ya fi su nauyi. Wasu kuwa suna kama mutum.

Fatimah Tuggar, haifaffiyar Kaduna a 1967 da ke zaune a Amurka, ta ɗora faifan kaba, irin wanda iyayenmu mata ke rufe ƙwarya da shi, a kan garmaho, waƙar Barmani Choge na tashi. Tana cikin waɗanda suka wakilci Najeriya a babban baje kolin Benis na Italiya a 2024, shekarar da taken bikin ke cewa baƙi suna ko'ina. Otobong Nkanga kuma, wadda ke zaune a Antwerp ta Beljiyam, a 2012 ta kafa tebur ta zauna, duk wanda ya zo ta ba shi kujera, ta ɓare goro su ci tare, tana ba shi labarin hanyoyin da goro ya bi. Bature ya tauna, ya yamutsa fuska, hira ta ci gaba.

A Kano aka haifi Nkanga a 1974, amma iyayenta 'yan kudu ne. Nan maganar ta iso ƙofar gidanmu, domin a tsarin da muke bi haihuwa a gari ba ta sa a ba ka takardar shaidar ɗan asali. Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, ya kwashi gyaɗa da ƙaro da fatu, ya sauke Yarabawa da Ibo da Nufawa da Kanawa cikin Mangawa da Badawa da Fulani. Jikokin wasunsu ba su san wani gari ba, Hausarsu ta fi tawa daɗi. Ana cin kasuwa tare, ana zuwa suna da jana'iza. Sai an zo neman gurbin karatu ko aikin gwamnati a ce da yaro, “Je garinku ka karɓo.” Zaman cuɗanyar da muke alfahari da shi a bakin teburin ba da wannan takarda yake tsayawa.

Ƙaura kuwa ba labarin rediyo ba ce a wurinmu. Fadamar Dagona ta yi suna ne da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo ganinsu a 1989. Ba a cika ba da labarin mutanen fadamar ba. Bayan madatsun Tiga da Challawa sun canza tafiyar ruwa, ciyawar kachalla ta toshe magudanai, gonaki suka nutse a wani wuri, suka bushe a wani. Masunta da dama suka tafi tafkin Chadi, rikici ya sake koro su. A watan Afrilun 2021, cikin azumi, mutanen Gaidam da rikici ya koro suka cika tashar Gashuwa. Na ga wata dattijuwa zaune a kan ƙunshinta: tukunya ɗaya da 'yan kwanuka ɗaure cikin tsohuwar atamfa, ƙullin ya yi baƙi saboda riƙo. Ba ta yarda kowa ya taya ta ɗauka ba.

Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta karanci aikin jinya, ta fara ɗaukar hotunan Borno a 2015 tana sawa a Instagram. Ta ɗauki 'yan gudun hijira, amma ba a layin karɓar abinci kaɗai ba, har da kwalliyar sallah da 'yan kasuwa da yara suna dariya. Aikinta ya fi sauran kusa da mu, don a waya ake ganinsa. Na Benis da Landan sai mai biza, kuma waɗanda ake ba da labarinsu su ne ba sa samunta.

Shi ya sa Ibrahim Mahama na Tamale a arewacin Gana ya fi burge ni. Da tsofaffin buhunan koko da gawayi, waɗanda 'yan ci-rani suka ɗinke masa, ya lulluɓe manyan gine-gine a Turai. Kuɗin da ya samu ya koma da su gida, ya buɗe cibiyar fasaha a 2019, ya sayo tsofaffin jiragen sama da taragan jirgin ƙasa ya mayar da su ajujuwan yara, shiga kyauta. Muna da jami'ar tarayya a Gashuwa tun 2013, muna da tsohuwar tashar jirgi a Nguru da rumbunan da gyaɗa ta bari. Matasan da ke ɗaukar hoton biki da waya ma ba su da iyaka, sai dai ba wanda ya taɓa ba su bangon da za su rataya hoton.