Ƙaramin jirgi a filin ƙwallo

Akwai wani ƙaramin jirgi marar matuƙi, ana ce masa dron. Mai shi yana tsaye ƙasa, yana tuƙa shi da na'ura, yana ɗaukar hoto. Sai da izinin hukuma ake tada shi.

A Dakoro, filin ƙwallo na kowa ne: ƴan wasa, ƴan lakwal, har awaki. Farfelar dron tana yanka kamar reza, tana iya fasa ido. Don haka ba a tada shi bisa kan jama'a. A bari a watse.

Batirinsa bai cika wuce minti 30 ba. Iskar hunturu kuma tana kwashe shi. In ya sauka, kada yara su ruga su taɓa, sai farfela ta tsaya cak.