Ɗakin da ke shan iska ba tare da kuran ba: darasi daga Cikal

Jama'ar Kurfai na gida da na waje, bazara in ta kama a watan Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a ƙasar Filinge. Waɗanda suka fi jin jiki su ne tsofaffi, jarirai da mata masu ciki. Amma kun lura ɗakin tol ya fi ɗakin ƙasa zafi nesa ba kusa ba? To, ga dalili.

Tol yana ɗaukar zafin rana nan take, ya sako shi a kan mutanen ɗaki. Bangon ƙasa mai kauri kuwa a hankali yake shan zafi, sai dare ya yi yake sakinsa. Da dare kuma ya sha sanyi ya riƙe har hantsi. Abu na biyu: iska mai zafi sama take tashi. In akwai ƙananan kafofi kusa da rufi da taga a ƙasa, mai zafin ta fita ta sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa.

A Turai, inda sanyi ne matsalarsu, suna da na'urar da ke karɓe ɗumin iskar da za ta fita ta ba wa wadda ke shigowa, don kada kuɗin wuta ya tafi a banza. Mu nan bangon ƙasa ke yi mana irin wannan ajiyar, kyauta.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1980, a nan Cikal, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina gini ba itace: rufin kubba da na baka, da tubalin ƙasa zalla, dabarar da aka samo daga Masar da Iran. Daga nan ta bazu zuwa wasu sassan Nijar, har Mali da Burkina Faso. A Dandaji ma, cikin jihar Tawa, masallacin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, aka gama a 2018, da tubalin ƙasa aka gina shi, iska na ratsa shi da kanta.

'Yan'uwa da ke Yamai, Kwatano, Legas ko Akara, in kun aiko kuɗin gini, ku yi shawara da magini tun kafin a sayi tol. In tol ɗin ya zama dole, a sa masa silin, a bar tazara tsakani da kafofin da iska za ta bi. A shafe bango da farar ƙasa, a dasa itace ta yamma. Da rana a rufe tagogi, da dare a buɗe, a kwana cikin sange saboda sauro.

Sai dai fa rufin ƙasa yana son kulawa: kafin damina a sake yaɓe, a gyara indararo, don ruwa in ya kwanta a kai, ɓarna ce. Allah ya ba mu bazara mai sauƙi.